Waya a Hannu, Gari a Firgice: Kafafen Sada Zumunta da Rashin Tsaro a Kaduna

Kafafen sada zumunta, wato Facebook da WhatsApp da TikTok da X da ire-irensu, sun zama hanyar farko da akasarin mazauna birnin Kaduna ke samun labarin abin da ya shafi tsaron rayukansu. Kafin gidan rediyo ya karanta labaran yamma, kafin kakakin 'yan sanda ya fitar da sanarwa, maganar hari ko tarzoma ko satar mutane ta riga ta zaga wayoyi. A unguwa irin Hayin Banki, da ke ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Unguwa ce mai cunkoson jama'a, maƙwabciyar Kawo, inda tashar mota ke sauke matafiyan Zariya da Kano da Katsina dare da rana, kuma da yawa daga mutanenta suna da dangi a ƙauyukan Igabi da Giwa da Birnin Gwari, inda 'yan bindiga suka daɗe suna ta'asa. Labarin da ya taso daga daji da wanda ya taso daga cikin gari duk a nan suke haɗuwa.

Waɗannan kafafe ba su ne suka haifi rashin tsaro a Kaduna ba. Abin da suka yi shi ne cinye tazarar da ke tsakanin jin magana da ɗaukar mataki a kanta. A cikin wannan tazarar ce a da mai unguwa ke aika ɗan saƙo ya dubo, limami ya kwantar da hankalin jama'a, dattijo ya ce a dakata a ji. Yanzu sau da yawa matasa sun riga sun fita titi kafin dattijon ya ji abin da ake ciki.

Birnin da kogi ya raba

Kaduna ta san sharrin jita-jita tun kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, ya kuma sauya zaman garin: Musulmi suka fi tattaruwa a arewacin kogin Kaduna, a unguwanni irin Kawo da Hayin Banki da Unguwar Sarki da Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci kuma suka fi komawa kudu, irin su Sabon Tasha da Narayi da Television da Gonin Gora. A Nuwamban 2002 wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya tayar da tarzomar da ta kashe mutum sama da 200. A Afrilun 2011, lokacin rikicin bayan zaɓen shugaban ƙasa, saƙonnin tes na tunzura jama'a sun yi yawo a wayoyi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum sama da 800 a jihohin Arewa 12 cikin kwana uku, kuma Jihar Kaduna ce ta fi jin jiki.

Wannan rabuwar zama ita ce ta buɗe wa ƙarya ƙofa. A da, mutumin Hayin Banki na iya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ɗan Kudancin Kaduna ya tambaye shi gaskiyar abin da ake faɗa a kan garinsu. Yau maƙwabcin yana ƙetaren kogi, kuma abin da kowannensu ya sani game da ɗan'uwansa, yawanci ta waya ya same shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda saƙo ɗaya ke tayar da unguwa

Saƙon murya ne ya fi kowane tasiri, domin ba ya bukatar iya karatu, kuma muryar mutum mai haki da rawar baki tana shiga zuciya fiye da rubutu. Irin wannan saƙo yana da kamanni da aka saba gani. Yakan fara da sallama, sannan mai maganar ya ce yanzu-yanzun nan aka kira shi, an fara a wuri kaza, duk mai ɗan'uwa a can ya gaya masa kada ya bi hanyar. Ba ya faɗin sunansa, ba ya faɗin ranar da yake magana. Yakan rufe da "don Allah a tura wa 'yan'uwa". Mai turawa kuma sai ya ƙara da "kamar yadda aka turo mini", yana ganin ya sauke nauyi daga wuyansa.

Daga zauren dangi saƙon zai faɗa zauren 'yan kasuwa, daga nan zauren tsofaffin ɗalibai da na masallacin unguwa. Cikin 'yan mintuna masu shaguna sun fara jan ƙofa, iyaye mata sun yafa mayafi sun nufi Islamiyya ɗauko yara, masu Keke Napep sun juya daga gadar Kawo suna gudu babu fasinja. Wanda bai ma ji saƙon ba, da ya ga ana gudu sai shi ma ya ruga, gudun nasa kuma ya zama hujja ga na bayansa. Wani ya ɗauki bidiyon masu gudun ya ɗora a Facebook, sai jita-jitar ta samu shaida. A cikin wannan ruɗani ne 'yan sara-suka da masu ƙwacen waya ke samun abin da suke nema, baƙon da ya biyo ta unguwar a kan sabgarsa kuma ya shiga haɗari.

Oktoban 2018 ya nuna haka a fili. Ranar Alhamis 18 ga wata rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, cikin ƙaramar hukumar Kajuru, 'yan sanda suka ce mutum 55 sun mutu. Kwana uku ana yawo da hotuna da labarai, na gaskiya da na ƙarya. Ranar Lahadi 21 ga wata jita-jita ta bazu cikin birnin Kaduna, aka tare hanyoyi, aka kashe mutum sama da ashirin, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa dokar hana fita ta awa 24. An fara sassauta dokar ke nan sai labarin kisan Agom Adara, Maiwada Galadima, wanda aka sace kwanaki kaɗan kafin nan, ya fito ranar 26 ga wata, aka sake rufe gari. Waɗanda aka kashe a cikin birni ba su da hannu a abin da ya faru a Kasuwan Magani. Hanya ce kawai ta biyo da su.

Tsohon hoto, sabuwar gaba

Ƙarya mafi haɗari ita ce wadda aka jingina da hoto, saboda mutane sun yarda cewa gani ya kori ji. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen gundumar Gashish a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa gawarwakin 'yan ƙabilar Birom ne da Fulani suka kashe. Binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a Nuwamban shekarar ya gano cewa hoton wani jariri da aka yaɗa ya riga ya bayyana a Facebook watanni kafin rikicin, wani bidiyo kuma daga Kongo Brazabil ya fito, tun 2012. 'Yan sandan Filato sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya, inda aka tare hanya aka fito da matafiya daga motoci aka kashe mutum 11. Binciken ya kuma nuna cewa a lokacin mutum huɗu kacal ne ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci ga Facebook a Najeriya, ƙasar da ke da masu amfani da shafin miliyan 24, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

Ba jahilai kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. A Janairun 2017 Audu Maikori, lauya kuma fitaccen ɗan kasuwar harkar waƙa, ya wallafa a Twitter cewa makiyaya sun kashe ɗalibai biyar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Kwalejin ta ƙaryata, shi kuma ya janye maganar ya nemi afuwa, ya ce direbansa ne ya shirga masa ƙarya. An kama shi daga baya, kotu kuma ta yanke cewa an tauye masa haƙƙi ta ba shi diyya. Darasi biyu ne a nan: mai ilimi ma yana tura abin da ya dace da tsoron da ke ransa ba tare da bincike ba, hukuma kuma tana iya wuce gona da iri wajen martani.

Wani lokaci babu maganar addini ko ƙabila sam. A Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zaga cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An tashi iyalai da asuba ana dafa ruwa, aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. A 2023 jita-jitar satar mazakuta ta mamaye Abuja da wasu garuruwan Arewa, aka riƙa lakaɗa wa bayin Allah duka a kan zargin da babu likitan da ya tabbatar, ana ɗaukar bidiyo ana yaɗawa, kowane bidiyo yana haifar da na gaba.

Illar ƙarya ba ta tsaya ga wanda aka yi wa ita ba. Tana kashe darajar gaskiya. Daren 28 ga Maris 2022, da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, wata matashiyar likita da ke ciki ta rubuta a Twitter cewa an harbe ta, a yi mata addu'a. Wasu suka yi mata ba'a, suka ce neman suna take yi. Washegari aka tabbatar ta rasu.

Yadda masu laifi ke cin moriyar kafafen

'Yan bindiga da masu garkuwa da mutane suna amfani da kafafen ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce matsin lamba. Bayan sace ɗalibai 39 na Kwalejin Gandun Daji da ke Afaka a Maris 2021, bidiyon yaran a daji suna roƙon a cece su ya zaga ko'ina. Waɗanda suka tare jirgin ƙasa sun yi ta sakin bidiyo wata bayan wata, har da na Yulin 2022 da aka ga ana dukan fasinjojin da sanduna. Sai a Oktoban shekarar aka sako mutum 23 na ƙarshe. Ba don jami'an tsaro ake ɗaukar irin wannan bidiyo ba. Don uwa da mata da 'ya'ya ake yi, su gani hankalinsu ya tashi, su sayar da gida da gona. Duk wanda ya tura shi, ko da tausayi ne ya sa, ya isar wa ɓarayin saƙonsu kyauta.

Ta biyu ita ce neman suna da jan hankalin matasa. Jagoran 'yan ta'adda Abubakar Shekau ya yi shekaru yana amfani da bidiyo wajen tsoratar da ƙasa, ɗan bindiga Bello Turji ma ta wannan hanya sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. A 'yan shekarun nan an ga 'yan bindiga a TikTok riƙe da bindigogi, suna baje damman kuɗi, suna hira kai-tsaye, wasu masu kallo har suna tura lambar asusun banki a ba su kyauta. Saurayin da ya gama sakandare yana zaman kashe wando, idan ya ga sa'ansa a daji yana wasa da kuɗi kuma babu abin da ya same shi, an riga an shuka masa wani abu a zuciya.

Ta uku ita ce tattara bayanai. Da ɗan gari kan ci gari: masu garkuwa sun fi dogara da infoma, wanda ya san shigar mutum da fitarsa. Amma abin da mutane ke wallafawa da hannunsu yana sauƙaƙa wa infoman aiki: hoton sabuwar mota da lambarta, ƙofar gida, kayan makarantar yara da bajen makarantar a ƙirji, sanarwar cewa gobe za a kama hanyar Birnin Gwari ko Abuja. Haka kuma tara kuɗin fansa a bainar jama'a yana nuna wa ɓarayi yawan abin da za a iya samu. A Janairun 2024, bayan sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a yankin Bwari na Abuja, an yi gangamin tara kuɗi a intanet, abin da ya sa Ministan Tsaro na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ya yi gargaɗin cewa hakan na ƙara wa masu garkuwa ƙarfi. Iyalan da ke cikin wannan hali ba abin zargi ba ne, domin babu wanda zai zauna ya zuba ido a kashe masa ɗa. Amma gargaɗin yana da tushe.

Inda kafafen ke ceton rai

Wayar da ke yaɗa tsoro ita ce kuma ke kai ɗauki. Direbobin tashar Kawo suna sanar da juna halin da hanya ke ciki. Zaurukan unguwa, inda mai unguwa da 'yan sintiri da wani lokaci jami'in 'yan sanda ke ciki, suna taimakawa wajen gano yaron da ya ɓata ko babur ɗin da aka sace. Ƙauyuka da dama da aka kai wa hari, ba don wani ya ɗauki hoto ya wallafa ba, da babu wanda zai san an yi. Matsin lambar jama'a a intanet ya hana a manta da ɗaliban Afaka da na Jami'ar Greenfield da na makarantar Bethel Baptist a 2021, da na Kuriga a Maris 2024. Shi ne kuma ya sa har yau ake tambayar inda Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, mai faɗin ra'ayinsa a intanet, yake, tun da wasu mutane suka ɗauke shi daga gidansa a Barnawa a Agustan 2019. Lamarinsa yana tuna wa jama'a cewa mai faɗin ra'ayinsa a waɗannan kafafe shi ma yana bukatar kariya.

Abin da hukumomi suka gwada

Mataki mafi tsauri shi ne katse layukan sadarwa. An fara a Zamfara a farkon Satumban 2021, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. A Kaduna, Kwamishinan Tsaro da Harkokin Cikin Gida na lokacin, Samuel Aruwan, ya sanar da katse sabis a wasu sassan jihar a ƙarshen Satumba, tare da hana hawa babur; a watan ne kuma aka dakatar da kasuwar Talata ta Kawo. An dawo da sabis a ƙarshen Nuwamba. Matakin ya takura wa infoma da masu cinikin kuɗin fansa, amma ya bar ƙauyawa ba su da hanyar kiran ɗauki idan an shigo musu, ya tsayar da masu POS da ƙananan 'yan kasuwa, kuma hare-hare ba su ƙare ba. Dakatar da Twitter da gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ma bai hana jita-jita yawo ba, domin mafi yawanta a WhatsApp take, inda babu mai ganin saƙo sai waɗanda ke cikin zauren.

Ta fuskar doka, akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda sashe na 24 nata ya sha suka saboda yadda aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati da shi, har aka yi masa gyara a 2024. Ƙudurin taƙaita kafafen sada zumunta da Sanata Muhammad Sani Musa ya gabatar a 2019 bai zama doka ba saboda adawar jama'a. Haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, da aka fara a Disamban 2020, an yi shi ne don a riƙa gano masu kiran neman fansa, amma har yanzu suna kira. Kamfanonin ma sun ɗan taɓuka: WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a 2019, bayan kashe-kashen da jita-jitar satar yara ta jawo a Indiya. Sai dai na'urorinsu ba su ƙware a Hausa ba, balle habaici da zaurance da saƙon murya. Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta sa ana iya haɗa murya da hoton mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Abin da ya fi aiki

Abin da aka ga yana tasiri shi ne gaskiya ta fito da wuri daga bakin wanda jama'a suka yarda da shi. A Maris 2025, da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, bidiyon ya tayar da hankali matuƙa, aka yi fargabar ramuwa. An kama waɗanda ake zargi, Gwamna Monday Okpebholo ya tafi Kano ta'aziyya, malamai da shugabanni suka yi ta kiran a kai zuciya nesa, kuma ramuwar da ake tsoro ba ta auku ba. Shirun hukuma shi ne abincin jita-jita. Sanarwar da ta fito bayan kwana biyu ta makara.

Kaduna tana da tubalin gina wannan amana. Akwai cibiyar sasanta mabiya addinai da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a 1995, akwai Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna da aka kafa a 2017. Akwai masu tantance labarai irin Dubawa da Africa Check da ke aiki da Hausa, da cibiyar CITAD ta Kano da ke bibiyar kalaman ƙiyayya. Abin da ya rage shi ne aikin ya sauko matakin unguwa: masu unguwanni da limamai da shugabannin matasa na arewacin kogi su riƙe lambobin takwarorinsu na kudu, ta yadda idan aka ce an fara a Sabon Tasha, kira ɗaya zai warware magana a Hayin Banki, haka ma idan aka ce an fara a Kawo.

Sauran nauyin yana kan mai riƙe da waya. Kafin ya tura saƙo, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi: wa ya faɗa, yaushe, a ina, ya gani da idonsa ko ji ya yi, kuma wace kafar labarai da aka sani ce ta ɗauka? Saƙon da babu suna babu rana, wanda ke rantsuwa yana roƙon a yaɗa, shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Idan labarin haɗari ne na gaske, wurin kai shi ofishin 'yan sanda ne da mai unguwa da 'yan sintiri, ba zaure ashirin ba. Bidiyon gawa ko na wanda ke hannun masu garkuwa ba abin turawa ba ne ko da gaskiya ne. Shugaban zaure kuma yana da ikon goge saƙo da cire mai tunzura jama'a, ya kamata ya yi amfani da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Kaduna: aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarci a binciki labari kafin a cutar da wasu cikin rashin sani, kuma haramcin shaidar zur yana cikin dokoki goma da Kirista ke koya tun yana yaro. Kama ɓarayin daji aikin hukuma ne, amma hana ƙarya wucewa daga waya ɗaya zuwa ta gaba aiki ne da kowane mazaunin unguwa ke da ikon yi.